Takardar da Na Liƙa a Gefen Taswira

Masaukina na farko a Greensboro gareji ne. Wanda ya ba ni hayarsa wani mai sayar da tsofaffin motoci ne a kan High Point Road, kuma tun ina gida ya rubuto mini cewa ɗaki ne mai taga biyu, kusa da makaranta. Tagogin gaskiya ne, na ƙirga su, sai dai ɗaya ba ta buɗuwa, ɗaya ba ta rufuwa. Kusa da makaranta kuwa, haka ne, in kana da mota. Ni ba ni da ita, shi kuma ga su nan jere a filinsa, yana jiran ranar da ƙafata za ta gaji. A ƙarshen shekarun saba'in ke nan, lokacin da gwamnatin jiharmu ta turo mu karatun aikin gona. Ni ɗan manomi ne daga wani gari a arewacin Kazaure, sunana Sule, kuma kafin wannan tafiya Zariya ce iyakar nisan da na taɓa yi.

A garejin nan na ci sanyina na farko. Da takalmi da hula nake kwana. In na dafa shinkafa a kan rishon lantarki, sai in bar tukunyar a kan cinyata har ta huce, don ɗumin ya fi mini shinkafar amfani. Ban gaya wa kowa ba saboda kunya. A wasiƙun da nake aikawa gida kuwa, kullum lafiya lau, ɗaki mai taga biyu.

Wanda ya fitar da ni Malam Hamisu ne, mutumin Maraɗi, yana aiki a wata masaƙa, ya girme ni nesa ba kusa ba. Mun haɗu a sallar Juma'a da muke yi a wani aji da makaranta ta ara mana. Ya ji ina tari irin na tsohuwar babbar mota, ya dage sai ya ga inda nake kwana. Da muka je ya tsaya a bakin ƙofa, ya dubi tabon baƙin mai a ƙasa, ya dube ni.

Ya ce, "Bon, ɗan'uwa, nan makwancin watir ne, kai kuwa ba watir ba ne. Tattara kayanka."

Watir mota ce a bakinsu na Nijar. Na tattara, dama akwati ɗaya ne da tukunya.

Zango na biyu Glenwood ne, unguwar ƙananan tsofaffin gidaje kusa da wata jami'a, inda ɗalibai ke yawo a kan keke. Can Malam Hamisu ya kai ni gidan wani tsoho baƙar fata, Mista Wendell, wanda ya yi aikin jirgin ƙasa har ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watse, ɗaki ɗaya ya zauna ba kowa. Sharaɗi biyu ya kafa mini: ba shan taba a gidan, kuma kada in taɓa bangon ɗakin cin abinci. Na farkon bai dame ni ba. Na biyun ne ya sa na leƙa.

Taswira ce a bangon, babba, ta teku, ta shekarar da ta wuce wadda bai kai ga saukewa ba. Duk an ja mata layuka a tsaye da a kwance kamar dara, kowane layi da lambarsa. Amurka tana hagu. Can dama, a bakin takardar, ga ɗan yankin Afirka da bai fi faɗin tafin hannu ba, daga nan takarda ta ƙare. A jikinta akwai ɗige-ɗigen fensir a jere kamar sawun tururuwa, sun taso daga tsakiyar teku sun lanƙwasa. Na tambaye shi ko hanyar jiragen ruwa ce. Ya ce a'a, hanyar iska ce, in jira watan Yuni.

Da Yuni ya kama na gani. Ashe daga wannan wata har ƙarshen Nuwamba lokacin mahaukaciyar guguwar teku ne, wadda suke kira hariken. Tana farawa ne daga ɗan tarin hadari a kan teku, wani ya watse tun yana ƙarami, wani ya yi ta cin ruwan ɗumi yana juyawa har ya zama abin da ke ɗaga rufin gari guda. Mista Wendell yana da wani ƙaramin rediyo wanda ba ya kiɗa, ba ya labarai, sai maganar yanayi daga safe zuwa safe. Duk lokacin da aka ga wani hadari mai alamar girma, rediyon zai faɗi lambobi biyu, ta arewa da ta yamma. Shi kuma ya nemo inda layukan biyu suka haɗu a taswira, ya ɗiga fensir, ya rubuta rana da lokaci a gefe. In aka sake faɗa, ya sake ɗigawa, ya haɗa sabon ɗigo da tsoho da rula. Aikin ke nan gaba ɗaya.

Ba shi kaɗai ba ne. Ƙarfe shida na yamma Mis Odessa take zuwa, tsohuwar malamar firamare da ke bayan layinmu, da tata taswirar a naɗe, irin wadda kantunan abinci ke rabawa kyauta. Ranar Asabar kuma Clyde yake shigowa daga Summerfield, wani dogon Bature mai dawaki biyu da eriya wadda ta fi gidansa tsawo. Shi ya haɗa wata na'ura da hannunsa, tana karɓo hoton gajimare daga tauraron ɗan'adam ta zana shi a takarda mai ɗan warin ƙuna. Su ukun za su zauna a baranda da shayi mai ƙanƙara, su yi ta gardama a kan iskar da ke can tsakiyar teku, ba ta san da zamansu ba.

Ni da farko dariya suke ba ni. Tsakanin Greensboro da bakin teku tafiyar kusan awa huɗu ce a mota, kuma ba wanda ya ɗauke su wannan aiki, ba wanda ke tambayarsu sakamako. Na ce wa Malam Hamisu, mutanen ƙasar nan in suka ƙoshi, sai su kama kiwon iska. A wurinmu hadari ba lissafi ba ne. Babana fita yake da hantsi ya tsaya a bakin gona ya dubi gabas, ya ji iskar a fuskarsa, ya lura ko shamuwa ta iso, ya dawo ya ce a jiƙa iri ko a dakata. Mutanen unguwa ba sa shuka sai sun ji abin da ya ce. Bai taɓa riƙe fensir ba.

Kunnen Mista Wendell ne ya shigar da ni cikinsu. Ya soma nauyi, tara da biyar na Turanci suna rikice masa a bakin mai rediyo, har wata rana ya ɗora guguwa a kan tsauni. Sai ya miƙa mini littafi ya ce in riƙa rubuta lambobin, shi ya ɗiga. Na karɓa don ladabi. Kafin damina ta biyu ta wuce, ni ke fara zama gaban rediyon, kuma in malami ya ja lacca har kusan shida, tsohon keken da na saya ya san sauran.

A wannan damina ta biyu ne, wata Asabar, Clyde ya shimfiɗa hotonsa a kan tebur. A gefen dama, inda ƙasa ta ƙare teku ya fara, ga wani farin dunƙule kamar curin auduga. Mista Wendell ya ɗora yatsa a kai ya ce, manyan cikinsu daga nan suke fitowa, daga wajenku. Ya ce hadari ne da ke tasowa a cikin Afirka, ya yi ta tafiya yamma yana zubar da ruwa, har ya faɗa teku. Na duba lambar layin da dunƙulen yake kai. Goma sha uku ne na arewa. Na haura ɗakina na ɗauko littafin taswira na makaranta, na nemo Kazaure, na ga ita ma kusan a kan wannan layi take.

Ba zan ɓoye ba, kuka na yi. Shekara biyu ban ji ƙanshin ƙasa bayan ruwan fari ba, ban ji muryar mahaifiyata tana cewa a shigo da shanya ba. Sai ga abu a kan tebur wanda, a ganina, ya bi ta kan rufinmu, ya jiƙa geronmu, ya biyo ni har nan. Daga ranar na daina yi musu dariya. Su suna kallon inda hadarin zai je, ni ina kallon inda ya fito.

Wannan bambanci ya taɓa jawo mini abin kunya. Wata rana rediyo ya ce wani hadari da ya baro Afirka ya yi ƙarfi, har an raɗa masa suna. Na tafa, na ce alhamdu lillahi da ƙarfi, don a raina damina ta yi kyau a gida ke nan. Mis Odessa ta naɗe taswirarta a hankali. Ta ce mini ita 'yar bakin teku ce, tana yarinya irin wannan iska ta ɗauke gidan mahaifiyarta, sun kwana biyu a kan rufin coci, kuma har yanzu ƙanenta yana can da kwalekwalensa na kamun kifi. Ba ta ɗaga murya ba. Na ba ta haƙuri, na yi mata bayanin cewa a wurinmu ba a kushe ruwa, ko gidanka ya rushe, in an gaishe ka da ruwa cewa kake ya yi gyara. Ta ce ta fahimta, amma in riƙa yin godiyata a ciki. Kashegari ta zo mini da wainar masara mai zafi a cikin tsumma, ba ta sake tayar da zancen ba.

Haka muka yi shekaru. Na gama digiri na farko, na shiga na biyu a kan ƙasar noma, na zama mai bakin magana a aji, irin ɗalibin da ke gyara wa malami lissafi. Na faɗi wannan ne don a san irin kan da nake da shi a shekarar da kaset ɗin ya zo.

A farkon shekarun tamanin ne, cikin watan Agusta. Matar wani ɗalibi ta iso daga Kano, ta kawo mini kaset daga gida. Babana bai yi boko ba, don haka in magana ta yi nauyi sai ya sa ƙanena ya ɗauki muryarsa. Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda ta haɗa har da maigidan da nake zaune a wurinsa da iyalinsa, ya shiga maganar. Ya ce ruwa ya ɗauke tun gero yana gwiwa. Ciyawa ba ta tashi ba, tabkin bayan gari ya koma laka. Baffana Ilu da wasu mutanen garin sun yanke shawarar kora shanunsu kudu, wajen Kaciya, bayan kasuwa biyu masu zuwa. Mu shanunmu biyu ne kacal, na huɗa, Goje da Ɗan Ja. Da su muke noma, da su muke jan amalanke, kuma tun suna maruƙa Baba ya hore su da hannunsa. In ya tura su kudu, akwai sammore a can, cutar da ƙudan daji ke sa wa shanun arewa, kuma in ruwa ya dawo ba abin da zai yi huɗar wake da shi. In ya riƙe su kuma ruwan bai dawo ba, ba abin da za su ci.

Sai ya ce, "Sulaimanu, ka ce a wasiƙarka kuna da na'urar da ke ganin hadari daga sama. To ka duba mana. In tura su ko in riƙe? Abin da ka ce shi zan yi."

Na mayar da kaset ɗin baya na sake ji har sau uku. Mutumin da gari guda ke jira ya dubi gabas, yau shi ke tambayata. Na ji tsoro, amma gaskiya daɗin da na ji ya fi tsoron yawa.

Satin nan kuwa teku ya cika da motsi. Cikin 'yan kwanaki hadari uku suka baro gaɓar Afirka, ɗaya bayan ɗaya, kuma ɗige-ɗigen farko da muka sa musu duk a kusa da layi na goma sha uku suke. Ranar Asabar hoton Clyde ya nuna wani farin dunƙulen a bakin takarda, rabinsa bai gama shigowa ba. Damuwata ɗaya ce: taswirar ta ƙare a bakin teku, garinmu yana can waje, a kan fentin bango.

Sai na yi abin da tun ranar farko aka ce kada in yi. Da rana, Mista Wendell ya tafi asibiti a duba masa kunne. Na samo farar takarda babba, na liƙa ta a gefen dama na taswirar, na ci gaba da layukan a kanta daidai da tazararsu. Na zana Afirka ta Yamma daga littafina, na sa ɗan tauraro a inda garinmu yake. Sannan na ɗora rula a kan ɗige-ɗigen nan uku, na ja layi baya, zuwa gabas. Layin ya ratsa ƙasashe ya zo ya bi ta kan tauraron nan kamar an auna. Na tsaya ina kallonsa, na ce shi ke nan, hanyar hadari ta buɗe, kuma ta kanmu ta bi. Wanda ya wuce bai zubar ba, na bayansa zai zubar.

Mista Wendell ya dawo, ya rataye hularsa, ya tsaya gaban bangon ya daɗe. Na zaci faɗa zai yi a kan taɓa masa taswira. Bai yi ba. Ya bi layin da yatsa daga teku har tauraron, ya tambaye ni wace tasha ce ta ba ni lambobin wannan yanki. Na ce babu lambobi, lissafi ne.

Ya ce, "Suli, a gidan nan ba a jan layi inda babu ɗigo. Ɗigo shi ne inda wani ya ga abu da idonsa. Shekara talatin ina wannan aiki, ban taɓa sanin inda iska za ta je ba, inda take kawai nake rubutawa."

Na ce masa ai ni ba gaba na ja ba, baya na ja, kuma abin da ya riga ya wuce ba a canza shi. Na kawo masa bayanin da aka yi mana a aji a kan iskar gabas. Ya saurara har na gama, da kunnen nan nasa mai kyau a wajena. Ya ce duk ɗige-ɗigen da ke bangon nan, in nuna masa hanya ɗaya da ta tafi a miƙe kamar rula. Na duba, babu, duk a lanƙwashe suke. Amma na riga na ga layina ya bi ta kan gida, kuma ba na son a ɗauke mini shi. Ya ce to, takardata ce, ba zai cire ba.

Malam Hamisu ma na gaya masa. Ya ce 'yan'uwansa na Maraɗi sun rubuto cewa sama ta yi fari fat, kuma tsohona ya fi ni sanin samansa, in mayar masa da tambayarsa cikin ladabi. Na ce a raina, Malam Hamisu zare ya sani, ba yanayi ba.

Ranar Litinin da sassafe na nemi layin Kano. Ɗan baffana Yakubu yana aiki a wani ofis mai tarho. Sai da na yi ta jira kafin a haɗa mu, kuma muryarsa tana zuwa kamar daga cikin rijiya. Na tambaye shi ruwa, ya ce an ɗan yi yayyafi a birni shekaranjiya. Wannan ya ƙara mini ƙarfi. Na ce ya shiga mota ranar Juma'a ya je ya gaya wa Baba ya riƙe shanun, hadari yana nan a jere, kuma layinsa ta kan garinmu ya bi. Ya ce in sake faɗa, layin yana yankewa. Na ɗaga murya na ce, a riƙe su, ruwa yana tafe. Ban ce wataƙila ba. Na tuna sarai ban ce ba, don kalmar ta zo bakina na haɗiye ta, ina ganin za ta rage wa saƙon kwarjini.

Daga nan sai jira. Hadarin nan uku ba wanda ya yi rai a cikinsu. Biyu sun watse a tsakiyar teku, ɗaya ya karkata arewa ya ɓace, ɗige-ɗigensu suka tsaya cak kamar sawun da iska ta share. Na huɗun ma bai kai a ba shi lamba ba. Mis Odessa ta samu barci, ta ce Allah ya sa shekarar ta ƙare haka. Wata Asabar a watan Satumba Clyde yana juya hotonsa ya ce, shi a lura da ya yi, in suna mutuwa da wuri haka, busasshiyar iska ce daga hamada take shaƙe su tun suna ƙanana. Ya ƙara da cewa a kan ƙasa ma sau da yawa can kudu suke zubar da ruwansu, sai sun kusa teku suke hawowa arewa. Ya faɗa ne kawai, yana kurɓar shayinsa. Ni kuwa na ajiye nawa, na tashi.

Na rubuta wasiƙa gida a ranar, na ce in har ba a ga ruwa ba a bi Baffa Ilu da shanun. Wasiƙa sati uku take yi in ta yi sauri. Na sake neman Yakubu a tarho sau biyu, aka ce an tura shi rangadi. Kullum in na sauko cin abinci sai na ga layin nan a bango, a miƙe, da kyau, da ɗan tauraronsa. Na koma cin abinci a ɗakina.

Kaset na biyu ya zo a watan Nuwamba, ta hannun wani baƙon Malam Hamisu. Ranar Asabar ce da azahar. Ban iya haurawa da shi sama ba, a teburin nan na saka shi, Mista Wendell da Mis Odessa suna zaune suna jera takardun shekara.

Baba ya yi gaisuwarsa yadda ya saba, bai rage kowa ba. Ya ce saƙona ya iso ta bakin Yakubu kwana ɗaya kafin tashin su Baffa Ilu, kuma ya riƙe shanun. Ya ce an yi ruwa sau ɗaya bayan nan, wanda bai jiƙa ƙasan zaure ba. Sun ba shanun karan rufin rumbu, sun sassaɓo musu ganyen marke har itacen ya koma sanda. Goje ya kwanta a bakin rijiya bai tashi ba. Ɗan Ja kuma da suka ga ya soma haɗa ƙafa sai suka yanka shi, amma ba a samu abin kirki a jikinsa ba. Wasiƙata ta zo bayan an shanya fatunsu. Na Baffa Ilu suna can kudu, an ce ɗaya ta mutu, sauran suna nan. Duk wannan ya faɗe shi da murya ɗaya, yadda yake faɗin farashin gero a kasuwa.

Ina jin kaza tana kuka a bayansa, sai ya ce, "Ni dai da na dubi gabas ban ga ruwa ba, kuma na gaya wa Ilu haka. Amma na ce masa, idona iyakarsa bakin gona, yaron nan kuwa daga sama yake gani. Kada ka sa wa ranka komai, abin da Allah ya rubuta ne. Fartanya tana nan, da ita muka fara."

Na kai hannu zan kashe, sai na ji bai gama ba.

Ya ce, "To, Sulaimanu, baɗi fa? Ka duba mana tun da wuri."

Tsofaffin nan biyu ba sa jin Hausa, amma ba su tambaye ni fassara ba sai da na ɗago kaina. Na gaya musu a taƙaice. Mis Odessa ta ce duk damina tana roƙon Allah ya kashe hadarin nan a teku, ba ta taɓa tunanin akwai wanda ke jiransu a ɗaya gefen ba. Na ce mata ba roƙonta ba ne, rulata ce. Mista Wendell bai ce ai na gaya maka ba, kuma da ya faɗa da na fi samun sauƙi. Ƙarshen wata, ranar da yake sauke taswirar shekara ya naɗe ta kamar yadda ya saba, ya sa reza ya raba takardata da tasa a hankali, bai yaga ko gefe ba. Ya ninke ta huɗu ya miƙo mini. Tana cikin akwatina har yau, ita da takardun digirina a leda ɗaya.

Kwana tara na yi kafin in iya amsa kaset ɗin. Na ɗauka na goge, na ɗauka na goge. A wani na yi bayanin busasshiyar iska, a wani na ɗora laifin a kan layin tarho da Yakubu. Da na saurare su sai na ji muryar ɗalibin nan mai gyara wa malami lissafi, na goge. Na ƙarshen gajere ne, ko rabin fuska ɗaya ta kaset ɗin bai ci ba. Na gaishe shi, na gaishe da Inna da kowa da kowa. Na ce masa na'urar ba ta ga garinmu ba, taswirar ma ba ta kai can ba, ni na ƙara takarda na ja layi da hannuna, kuma ni na kashe masa Goje da Ɗan Ja. Na roƙe shi gafara.

Sannan na zo kan tambayarsa. Na ce, "Baba, baɗi ban sani ba. In lokaci ya yi ka fita ka dubi gabas, abin da ka gani ka aiko mini, ni zan rubuta."

Damina ta gaba, a tsakiyar watan Yuni, wasiƙa ta zo da rubutun ƙanena, layi uku. Baba ya ce a gaya mini shamuwa ta iso ranar Laraba, an yi ruwa daren Juma'a, ya tona ƙasa ya samu laima kamu ɗaya, kuma ya fita shuka, shi da fartanyarsa. Na kai wa Mista Wendell na fassara masa. Ya ce wannan ɗigo ne, ya miƙo mini fensir. Babu inda zan sa shi a taswirar, sai na ɗiga shi a jikin bango, kamu biyu daga bakin takarda, na rubuta ranar a gefe.